Ummi ta tafi a sanyin 2023, ni kuma ga yadda na rayu bayanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma duk sanda na ɗauko waya sai jikina ya mutu in ajiye, yau dai nace bari in daure ko Allah zai sa wata uwa da take cikin irin halin da na shiga ta karanta ta san ba ita kaɗai bace kuma ba taɓuwa tayi ba. Ni tela ce, ɗinkin mata da na yara nake a gida, a Anguwan Rogo nan Jos aka haife ni, nan nayi aure, nan nake har yau. 'Yata ta fari ta rasu farkon watan Fabrairun 2023 tana da shekara 11, tana aji shida a firamare. Sikila ce.

Sunan mahaifiyar babanta taci shi yasa kowa Ummi yake ce mata, ni kuma kun san yadda ake da ɗan fari, ko Ummin ma ban cika faɗa a gaban mutane ba sai dai ince ke, ko yarinyar nan. Ita ma bata taɓa ce min Mama ba, Anti take ce min saboda haka ta taso taji yaran da ke koyon ɗinki a wajena suna kirana. Auren gida mukayi da babanta, ɗan gwaggona ne, kuma lokacin aurenmu wallahi ba wanda yake maganar gwajin jini a unguwarmu, ba a ma san da shi ba sai 'yan boko kaɗan. Tana wata bakwai hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, kuka ba dare ba rana ko taɓa ta akayi sai ta ƙwalla ƙara, tsofaffi suka ce haƙori ne wasu suka ce sanyi ne ya shige ta wasu suka ce a nemo tofi, sai da muka je asibiti aka ɗebi jininta aka ce SS ce, wato sikila. Wata nas ta zaunar da mu ta zana mana a takarda, tace ni AS babanta AS, wato muna ɗauke da sikilar a jini amma bama ciwon, toh duk cikin da zan ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma tace kar mu ɗauka wai in an samu ɗaya shikenan ukun da ke biye sun tsira, kowane ciki da nasa rabon. Haka kuwa akayi, ƙaninta mai bi mata AS ne, Auta kuma ya zo irinta.

Wanda yake rainon sikila a Jos ya san me ake nufi da watan Nuwamba ya kama. Mutane daga Kano da Abuja suna zuwa suna yaba sanyin garinmu, mu kuwa da hunturu ya fara busawa gabanmu ke faɗuwa dan sanyi na cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Tun kafin lokacin zan shiga kasuwar Katako wajen 'yan gwanjo in ɗebo suwaita da safa da hulunan sanyi, ruwan zafi baya yankewa a filas, gawayi buhu muke saye, wanka sai rana ta take. Kullum da safe folik asid da Paludrine na rigakafin maleriya, ga robar ruwa da nake cika mata in ce kar ki dawo min da ita daga makaranta da ko ɗigo. Duk da haka ciwon in zai zo sai ya zo, ta kama ƙafa tana birgima tana cewa Anti ƙashina ake sara, ni kuma in zauna ina shafa mata man zafi ina matsawa har asuba. A irin waɗannan dararen ne kunyar 'yar fari ta fita daga tsakaninmu, ba wata kara da ta rage, mun zama ƙawaye ni da ita.

In tana da lafiya kuwa baki ganta kin ce tana ciwo ba sai dai idonta da yake ɗan yin ɗorawa. A gindin kekena take wuni, ita ke tsince ƙyallaye tana yi wa 'yar tsanarta riga, ita ke zura min zare a allura, kuma da ta iya rubutu sai ta ƙwace littafin awo, in kwastoma ta zo ni in auna ina faɗa ita tana rubutawa, kafaɗa kaza, ƙirji kaza, tsawon siket kaza. Ta kai izu biyar a Islamiyya. Cewa take nas zata zama dan ta riƙa yi wa yara allura a hankali.

Kowa ya tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kana da kuɗi a akawun amma naira ɗari biyu ta gagare ka a hannu. A tsakiyar wannan ne zazzaɓi ya rufe ta da daddare, ta fara cewa ƙirjinta, numfashi yana mata wuya, wannan ba irin wanda muka saba bane. Ko sisi babu a gidan. Wani yaro mai keke napep a layinmu babanta ya buga wa ƙofa, ya fito da bargo a kafaɗa ya kai mu bai ce uffan ba akan kuɗi, har gobe in na ganshi sai nayi masa addu'a. A asibiti aka ce jininta yayi ƙasa sosai kuma ciwon ya hau ƙirji, aka sa mata oksijin, ƙanin babanta ya bada jini, babanta yana ta zarya wajen masu POS transfa taƙi tafiya. Ni dai abinda idona ya gani likitoci da nas sun yi iya yinsu, kwana ne ya ƙare. Magana ta ƙarshe da tayi min mai ma'ana, ta janye abun oksijin ɗin daga hancinta tace Anti waye zai ba Auta maganinsa tunda kina nan. Nace Gwaggo na gida zata bashi. Ta gyaɗa kai. Bayan sallar asuba ta cika, hannunta na cikin nawa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kafin azahar an yi mata sutura an kai ta makabartar Zariya Road. Gwaggo uwar mijina da maƙwabta ne suka yi mata wanka, aka kira ni nayi mata addu'a, daga nan ban ƙara sanin me ake ciki ba sosai. Gida ya cika maƙil kwana ukun zaman makoki, wannan ta shigo tace ya haƙuri ince da godiya, waccan tace Allah ya sa mai ceto ce ince amin, bakina ne kawai yake amsawa. Mafi yawan mutane alheri suka zo da shi Allah ya saka musu. Amma akwai maganganun da gara ace ba a faɗe su ba. Wata tace min ai gara da ta huta kema kin huta da zaryar asibiti. Wallahi da za a ce in yi ta zaryar nan har ƙarshen rayuwata tana raye da gudu zan karɓa. Wata kuma da ta ga hawayena tace ki daina, duk ɗigon hawayenki ruwan zafi ne kike zuba mata a kabari, ga shi 'yar fari ce ki ji kunyar idon mutane mana. Wannan maganar ta kusa kashe ni, dan sai na koma ina haɗiye kukan, in ya taso in shiga banɗaki in toshe bakina da zani ina jin kamar ina cutar da ita.

Malamar Islamiyyarsu ce Allah ya turo min. Ta zo ta same ni ni kaɗai a ɗaki, da na faɗa mata abinda aka ce sai tace Maman Ummi wa ya fi Annabi (SAW) haƙuri? Ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya yana jariri ya ɗauke shi hawaye na zuba a idonsa har sahabi yayi mamaki, yace wannan rahama ce, ido yana zubar da hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abinda Ubangijinmu ya yarda da shi. Tace abinda aka hana shine kururuwa da marin fuska da yaga tufafi da faɗin maganar saɓo, ba hawaye ba. Ta tuna min cewa 'ya'yansa bakwai, shida a gabansa suka rasu, Nana Faɗima ce kaɗai ta rage bayansa. Ni na san wannan tun ina yarinya a makaranta amma ban taɓa tsayawa nayi tunanin uba ne da ya binne 'ya'ya shida ba sai ranar. Ta kuma faɗa min hadisin bawan da aka karɓi ran ɗansa ya gode wa Allah yayi istirja'i, Allah yace a gina masa gida a Aljanna a sa masa suna Baitul Hamdi. Ranar nayi kukan da ban yi ba tun a asibiti, ita kuma tana zaune bata ce in yi shiru ba. Ta koya min addu'ar Ummu Salama, Allahumma ajirni fi musibati wa akhlif li khairan minha, rabin farko nake iya faɗa da zuciya ɗaya, rabin ƙarshen da ke roƙon a musanya min da mafi alheri ya daɗe yana min nauyi a baki, dan ni a lokacin ba musanya nake so ba, ita nake so.

Wuyar gaske bayan an watse take farawa, wannan ba wanda ya faɗa min. Kowa ya koma harkarsa, aka kwashe tabarmi da kujerun haya, yara suka koma makaranta. Ƙarfe biyun dare zan farka firgigit in nufi filas in duba ko ruwan ya huce kafin in tuna. In zan zuba abinci sai in ga na jera kwano uku. Ƙarfe biyun rana in naji hayaniyar 'yan firamare suna wucewa ta layinmu sai in rufe taga. Abinci baya shiga, na rame har zanina baya zama. Akayi zaɓen 25 ga Fabrairu gari na ta hayaniya ni ko a jikina. Keken ɗinki na rufe shi da tsohon zanin gado na tura shi lungu dan ko kallon wajen bana son yi.

Babansu kuma sai ya zama wani iri, dama ba mai yawan magana bane, sana'arsa lodin dankalin turawa ne da ake kawowa daga Bokkos da Mangu ana turawa kudu, sai ya koma fita tun duku-duku ya dawo yara sun yi barci. Ko sunanta baya ambata. Raina ya ɓaci sosai ina ganin kamar shi ya wuce wajen ya barni ni kaɗai, sai ƙaninsa ne yake faɗa min wai duk Juma'a in an sauko masallaci baya komawa kasuwa, Zariya Road yake tafiya ya tsuguna a wajenta har la'asar. Da daddare na tambaye shi, yayi shiru can yace toh in na zauna ina kuka a gabanki wa zai riƙe wani. Daga ranar muka ɗan fara hirarta, kaɗan kaɗan, wani lokaci har muyi dariyar wani abun da ta taɓa yi. Maza ma suna ji, sai dai tun a wajen jana'iza ake ce musu su daure su maza ne, daga nan kuma ba mai ƙara tambayarsu ya suke.

Azumin shekarar ranar 23 ga Maris aka ɗauka, kuma duk tela ta san azumi shine kakarmu. Na riga na faɗa wa kowa bana karɓar ɗinkin sallah bana. Sai ga Maman Biyu maƙwabciyata, wadda ke saro kayan miya a Farin Gada tana kasawa a ƙofar gida, ta shigo da atamfa turmi biyu a leda ta dire a gabana tace na 'yan biyu ne, kuma ba inda zan kai, in baki ɗinka ba da tsofaffin kaya zasu je idi. Nace Maman Biyu ki rufa min asiri bazan iya ba. Tace toh ki barsu a nan, ta yaye zanin da na rufe keken ta kakkaɓe ƙurar ta ɗiga masa mai tayi tafiyarta. Kayan suka kwana biyu a wajen ina harararsu, daga baya na jawo littafin awo dan in duba na 'yan biyun, ina buɗewa rubutun Ummi ne shafi bayan shafi da jan biro, yadda take yin 7 ɗinta da ɗan sanda a tsakiya, har da inda ta rubuta "bata biya ba" a gefen sunan wata ta ja layi biyu a ƙasa. Na rungume littafin nayi mai isata, sannan na ɗauki almakashi da alli na shimfiɗa atamfar.

Abinda na gane game da ɗinki shine baya yarda ki raba hankali. In kina yanka wuyan riga ko kina sa zif dole idonki da tunaninki su tsaya a wajen in ba haka ba kin ɓata kayan mutane. Kekena Butterfly ne na ƙafa baya jiran NEPA, in na fara taka shi sai in ga minti ashirin ta wuce zuciyata bata je asibitin nan ba, wannan minti ashirin ɗin a lokacin ta fi min barcin dare hutu. Da mata suka ji ƙarar keke sai kaya suka fara shigowa, ban ƙara cewa a'a ba. Ranar da ta fi tsaya min a rai ita ce da aka turo wata ƙawarta 'yar ajinsu awo. Na ɗora tef a kafaɗarta, kafaɗar irin ta Ummi sak, hannuna ya hau rawa na kasa karanta lambar. Yarinyar ta kalle ni tace Anti kin san Ummi ce take mana lissafi in malam ya fita? Tace in anyi tara kuma bata iya gudu da mu sai ta zauna ta riƙe mana takalma da kuɗin tara, ba wanda yake yarda ya ba wani ajiya sai ita. Ni ban san wannan ba. Na zaunar da ita nace ƙara faɗa min, ta yi ta bani labari har aka kusa shan ruwa. Kowa tsoron ambaton sunanta yake a gabana dan kar ya tayar min da hankali, alhali ni ba abinda nake ƙishirwa kamar in ji wani ya kira sunan ya bani labarinta.

Sai Gwaggo. Ita ce nake ganin ta fi kowa taurin zuciya dan ko a makoki ban ga hawayenta ba. Wata rana da yamma muna tsinkar zogale a tsakar gida, ba tare da ta ɗago ba ta fara lissafo min sunaye huɗu, tace waɗannan duk kafin mijinki na haife su, biyu ƙyanda ce ta ɗauke su sati ɗaya tsakani, ɗaya a goye ya cika ina hanyar asibiti ban sani ba sai da na sauke shi. Shekarata nawa a gidan nan, gwaggona ce uwa ɗaya uba ɗaya da babana, ban taɓa jin sunayen nan ba. Tace har yau in taga sa'anninsu da jikoki sai ta lissafa da yanzu wane ya kai kaza. Nace Gwaggo ashe baya wucewa, tace baya wucewa 'yar nan, sai dai ki iya ɗaukarsa kina aikinki. Muka ci gaba da tsinkar zogalenmu.

Akwai kuma Mama Ngo, wata dattijuwa Birom da nake wa ɗinkin zumuntar mata na cocinsu tun da daɗewa, ita ke kawo min acca. Duk ɗan Jos ya san tun rikicin 2001 da na 2008 garin ya rabu, akwai unguwannin da wasu basa shiga in ba dole ba. Matar nan bata ji rasuwar da wuri ba, da taji sai ta hau keke ta shigo har cikin Anguwan Rogo da kular gwate mai zafi, ta zauna a bakin gadona tace nima na binne ɗa saurayi, ci ki samu ƙarfi. Bata yi min wa'azi ba bata ce komai ba bayan wannan, ta tsare ni har sai da na cinye kwano guda, kuma shine abinci na farko da naji ɗanɗanonsa a bakina tun rasuwar.

Ranar sallah da wuya, bazan ɓoye ba, na shirya samarina biyu suka bi babansu idi na rufe ƙofa. Amma da yamma yaran layi suka yi ta shigowa yawon sallah, rabinsu da ɗinkina a jikinsu suna juyi suna cewa Anti kalli, na tashi na raba musu cincin da alawa. Suwaitocinta na kai wa iyayen da muke haɗuwa da su a layin ganin likitan sikila, guda ɗaya mai ruwan toka na ajiye. Littafin awon ma na sayi sabo, wancan yana cikin akwati.

Har yanzu yana zuwar min, wani lokaci ina tsakiyar ciniki a kasuwar Terminus wajen masu zare in hango yarinya da hular sanyi sai ƙafata ta riƙe. In ya zo bana faɗa da shi kuma, in samu waje in zauna in yi mata addu'a in share fuskata in ƙarasa sayayyata. In akayi rasuwar yaro a unguwa ina zuwa gaisuwa kamar kowa, amma zuwana na gaske sai bayan sati biyu in gida ya yi shiru, in tafi da abinci in tambayi uwar ya sunansa, me yake so, in barta ta yi ta faɗa. 'Yan matan da ke koyon ɗinki a wajena kuwa duk wadda naga saurayi ya fara mata zarya sai na matsa mata taje ta san jininta tun kafin soyayya tayi nisa, naji daɗi da naji Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024, ina fatan ko ba doka iyaye da limamai a nan ma su riƙe abun da gaske.

Auta yanzu likita ya ɗora shi a kan wani maganin sikila mai suna Hydroxyurea, akwai tsada amma alhamdulillah ciwon ya ragu da tashi, kuɗin ɗinkin nan nake tarawa ina saya. Tsoro kam ina ji duk sanda yace ƙafarsa, bazan ce bana ji ba. Ga sanyi ya fara shigowa, na riga na sayi gawayi, jibi kuma muna da ganin likita. Dan Allah duk wanda ya karanta ya sa Ummi a addu'a, Allah ya jiƙanta ya haɗa mu a Aljanna, shi kuma Auta ku roƙa masa lafiya da tsawon rai.